Wuƙar Likita da Amanar Jiki: Tunani a Kan Shirin Tiyatar Rage Ƙiba



Tun kaka da kakanni, idan mutum ya yi jiki a ƙasarmu sai a ce daɗi ya karɓe shi. Amarya in ta murmure bayan shekara guda, yabo ake yi wa mijinta, a ce ya iya riƙo. Wannan tunani yana da dalilinsa, gama al'ummar da ta san fari da yunwa ba za ta ga ƙiba ta kira ta cuta ba. Amma zamani ya juya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a shekarar 2022 mutum 1 cikin kowane 8 a duniya yana fama da ƙiba mai yawa, kuma a tsakanin manya adadin ya ninka fiye da sau biyu tun daga 1990. Biranenmu ba su tsira ba. A cikin masu zama tare da mu a majami'a ranar Lahadi akwai waɗanda gwiwa ta hana su durƙusawa, akwai masu ciwon sukari da hawan jini, akwai kuma waɗanda numfashinsu ke ɗaukewa cikin barci. Wasu daga cikinsu likita ya riga ya ambata musu tiyatar rage ƙiba, sun koma gida da tambayar da suke jin nauyin yi a fili: ya halatta Kirista ya yarda a yanke masa tumbin da Allah ya halitta lafiyayye? In kuwa ya halatta, yaya zai shirya?

Tambaya ce mai nauyi, domin rai ne a ciki, da dukiyar iyali, da kwanciyar lamiri. Bari mu bi ta daki-daki.

Mene ne aikin da ake yi?

Likitoci suna auna ƙiba da wani lissafi mai sauƙi. Ana ɗaukar nauyin mutum a kilo, a raba shi da tsayinsa a mita wanda aka riɓanya da kansa. Mai tsayin mita 1.65 da nauyin kilo 110, lissafinsa zai ba da wajen 40. Daga 25 an shiga nauyin da ya wuce kima, daga 30 kuma an shiga ƙiba. A 1991 wani taron masana a Amurka ya tsai da cewa a yi tunanin tiyata ga wanda ya kai 40, ko wanda ya kai 35 tare da wata cuta da ƙibar ta jawo. A 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka sassauta iyakar zuwa 35, har ma 30 ga mai cuta irin ta sukari wadda ta ƙi jin magani. Ke nan ba don mai neman rage tumbi kafin biki aka shirya aikin ba.

Iri biyu ne suka fi yawa a yau. A na farko, ana yanke wajen kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbi a fitar, a bar siririn sashe mai kamar ayaba. Abin da aka fitar ya tafi ke nan har abada. A na biyu, ana ware 'yar jaka ƙarama a saman tumbi, wadda girmanta bai wuce na ƙwai ba, a haɗa ta kai tsaye da ƙaramin hanji, abinci ya riƙa kewaye sauran tumbin da farkon hanjin. Wani likita mai suna Edward Mason, na Jami'ar Iowa a Amurka, shi ya fara irin wannan aiki a tsakiyar shekarun 1960. Tun shekarun 1990 aka koma yin aikin ta ƙananan huji a ciki, da na'urar hangen ciki, abin da ya rage jinya ƙwarai.

Amfaninsa ba jita-jita ba ne. A ƙasar Suwidin an fara wani bincike a 1987, aka bi mutane wajen 4,000 shekara da shekaru, rabinsu an yi musu tiyata, rabi kuma ba a yi musu ba. Rahoton 2007 ya nuna cewa mutuwa ta yi ƙasa a cikin waɗanda aka yi wa aikin. Yawanci mutum yakan rasa kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na nauyinsa, ciwon sukari kuma yakan lafa ga mutane da yawa. Haɗarinsa ma gaskiya ne: ɗinki yakan yi yoyo, jini yakan daskare a jijiya, akwai kuma mutuwa, ko da yake a hannun ƙwararru ba ta kai mutum 5 cikin 1,000 ba.

Jikin na wane ne?

Mutanen zamani sukan ce, jikina ne, in yi yadda na ga dama da shi. Ikilisiya ba ta taɓa koyar da haka ba. Manzo Bulus, a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korintiyawa, sura 6, ya tuna wa masu bi cewa jikinsu mazaunin Ruhu Mai Tsarki ne, kuma an fanshe su da tsada. Mu masu riƙon amana ne. Wanda aka ba ajiyar gona ba shi da ikon sare itatuwanta don son ransa. Saboda haka Katekisim na Ikilisiyar Katolika, wanda Paparoma Yohanna Bulus na 2 ya fitar a 1992, ya koyar a sakin layi na 2297 cewa yanke gaɓar jikin mutum da gangan ya saɓa wa dokar Allah, sai dai in dalilin warkarwa ne kaɗai ya sa.

Amma mai riƙon amanar gona wajibi ne ya sare reshen da zai kashe itacen. Waliyyi Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya bayyana cewa kowace gaɓa domin jiki gaba ɗaya take, don haka in zamanta zai hallaka jikin, ya halatta a cire ta da yardar mai ita. Babu wanda ke gardama a kan ƙafar da ta ruɓe. Wuyar maganarmu ita ce tumbin mai ƙiba bai ruɓe ba. Aikinsa yake yi yadda aka halicce shi. To, ina hujjar taɓa lafiyayyar gaɓa?

Paparoma Piyus na 12 ya amsa irin wannan tambaya a watan Oktoba na 1953, sa'ad da yake jawabi ga taron likitocin mafitsara na ƙasar Italiya. Su ma sukan cire lafiyayyar gaɓa domin a rage ƙarfin ciwon daji da ke wata gaɓar. Ya nuna musu cewa abin dubawa shi ne ko ci gaba da aikin gaɓar yana jawo wa jiki duka babbar barazana, ko da ita kanta lafiyarta ƙalau. Ya kafa sharuɗɗa uku. Na ɗaya, zaman gaɓar ko aikinta ya zama yana cutar da jiki sosai. Na biyu, ya zama ba a iya kawar da cutarwar ko rage ta yadda ya kamata sai ta wannan hanya, kuma akwai tabbaci mai kyau cewa aikin zai yi amfani. Na uku, alherin da ake sa rai ya rinjayi hasarar da za a yi.

Idan muka ɗora tiyatar rage ƙiba a kan wannan ma'auni, amsar ta fito. Ga mutumin da ƙiba ke ci masa zuciya da ƙoda da gaɓoɓi, wanda ya gwada gyaran abinci da motsa jiki da magani da gaske ba su wadatar ba, kuma ƙwararru suka ga aikin zai taimake shi, yarda da tiyata ba cin amana ba ne. Kula da amana ne. Sharaɗi na biyu dai yana bukatar a sake dubansa a kowane zamani, gama tun 2021 an sami sababbin allurai na rage ƙiba masu ƙarfi, irin su Wegovy. Suna da tsada, kuma nauyi yakan dawo in an daina su, amma ya kamata mai shirin tiyata ya tambayi likitansa ko sun dace da shi kafin a kai ga wuƙa.

Ko gudun yaƙi da haɗama ne?

Ga abin da ya fi damun masu tsoron Allah. Wani zai ce, ai zarin ci zunubi ne, maganin zunubi kuwa tuba ne da kamun kai. Wanda ya je aka ɗinke masa tumbi ya bi gajeriyar hanya, ya sayi da kuɗi abin da ya kamata ya samu da horon kai. Wannan magana tana da kamar gaskiya, shi ya sa take da zafi. Amma ta haɗa abu biyu da ba ɗaya suke ba.

Haɗama halin zuciya ne. Paparoma Girigori Babba, wanda ya rasu a 604, ya lissafta hanyoyi biyar da mutum ke faɗawa cikinta: ci kafin lokaci, neman mai tsada, wuce ƙima, ci da rawar jiki, da yawan tsirfa a kan yadda aka dafa. Ku lura, babu awon ƙugu a cikin biyar ɗin nan. Akwai siririn mutum wanda cikinsa ne ubangijinsa, akwai kuma mai jiki wanda ya fi mu duka kamewa. Shi kansa Waliyyi Toma an san shi da girman jiki, har abokan karatunsa suka yi masa laƙabi da beben sa. Paparoma Yohanna na 23, wanda aka sa cikin waliyyai a 2014, duk wanda ya ga hotonsa ya san ba siriri ba ne. Sikeli yana auna nauyi, ba ya auna tsarki.

Ilimin likita ma ya buɗe mana abin da kakanninmu ba su sani ba. A 1994 aka gano wani sinadari mai suna leftin, wanda kitsen jiki ke aika wa ƙwaƙwalwa don ya sanar da ita yawan ajiyar da ke akwai. A 1999 masana a Japan suka gano girelin, wanda tumbi ke fitarwa don ya ta da yunwa. Idan mai ƙiba ya rage nauyi ta hanyar ƙin abinci, jikinsa yakan ɗauka fari ne ya zo: yunwa ta ƙaru, ƙona abinci ya ragu, har sai nauyin ya dawo. Gado yana da hannu, wasu magunguna suna da hannu, haka ma zaman ofis da lemon kwalba da abincin da ya fi araha a birni. Shi ya sa Ƙungiyar Likitocin Amurka ta amince a 2013 cewa ƙiba cuta ce. Tiyatar kuwa ba ƙanƙantar da tumbi kaɗai take yi ba, tana sauya waɗannan saƙonni na yunwa da ƙoshi. Sa'ad da almajirai suka ga mutumin da aka haifa makaho, cikin Bisharar Yohanna sura 9, laifin wani suka fara nema, Ubangiji kuwa ya ƙi bin su a kan wannan hanya. Mu ma sai mu yi hattara.

Duk da haka kada mu zarce zuwa ɗaya gefen, mu ce mutum ba shi da hannu ko kaɗan. Kowa ya san lokutan da ya ci don baƙin ciki, ko don kaɗaici, ko don kawai abincin yana gabansa. Wannan tsakaninsa ne da Allah da kuma Fada a wurin furta zunubi, ba na masu kallo ba ne. Abin da ya tabbata shi ne wuƙa ba ta ba da halin kirki. Likita yana iya rage tumbi, amma ba ya iya rage kwaɗayi. Wanda aka yi wa aikin zai rayu sauran kwanakinsa yana auna kowace loma, yana tauna a hankali, yana ƙin abin da kowa ke ci a gabansa. Wanda ya kira wannan gajeriyar hanya bai san tsawonta ba. Tiyata tana kai mutum filin da zai iya yin yaƙin kamun kai da begen nasara, yaƙin kuwa nasa ne har yanzu.

Niyya, da kuma kuɗi

Sai mai shiri ya tambayi zuciyarsa: don me nake so? Katekisim, a sakin layi na 2288, ya kira rai da lafiya kyautai masu daraja da Allah ya danƙa mana, ya ce mu kula da su bisa hankali. A sakin layi na gaba kuma ya gargaɗe mu game da mai da jiki abin bauta. Son a ga jikoki, son a iya hawa matakala, son a rabu da allurar sukari, duk niyya ce mai kyau. Jin daɗin shiga kaya ba tare da kunya ba shi ma ba zunubi ba ne. Amma wanda ya sa rai cewa sabon jiki zai gyara auren da ya lalace, ko ya sa shi ƙaunaci kansa bayan shekarun ƙin kai, ya ɗora wa likita kayan da ba nasa ba. Darajarka ba za ta ƙaru da gram ɗaya ba ranar da ka rasa kilo 40. An riga an biya farashinta a kan gicciye.

Halatta kuma ba wajibci ba ne. A 1957 Paparoma Piyus na 12 ya koyar cewa abin da ya wajaba a kan mutum shi ne hanyoyin jinya na yau da kullum, gwargwadon halinsa da wurinsa da zamaninsa, waɗanda ba su ɗora masa ko wasu nauyi mai tsanani ba. Wanda ya auna haɗari da tsada ya ce ba zai yi ba, ya ci gaba da kula da kansa ta wasu hanyoyi, bai yi zunubi ba. Kada miji ya tilasta wa matarsa, kada 'ya'ya su tilasta wa mahaifinsu.

Maganar kuɗi tana da nata nauyin. Aikin yana cin dukiya mai yawa, kuma da yawa daga masu yinsa a ƙasashenmu sukan tafi Indiya ko Masar ko Turkiyya. Cikin Bisharar Luka sura 14, Ubangiji ya ba da misalin mai ginin hasumiya wanda ya kamata ya zauna ya yi lissafi kafin ya kafa tushe. Lissafin nan bai tsaya ga kuɗin asibiti da jirgi ba. Akwai bitamin na har abada, akwai gwajin jini a kai a kai, akwai tambayar wane likita ne zai duba ka a gida in ciki ya murɗa da tsakar dare bayan wata uku. Wanda ba shi da amsar wannan bai gama shiri ba. Araha kuma ba ta ado: asibitin da ya yi maka alkawarin aiki cikin mako guda, ba gwaji, ba bibiya, guje masa. Haka nan ba daidai ba ne a sayar da gonar da iyali ke ci, ko a cire yara daga makaranta, ba tare da shawarar waɗanda abin zai shafa ba.

Wani zai ce, ina adalci mutum ya kashe miliyoyi don ya rage ci, alhali maƙwabcinsa bai sami na dare ba? Tambayar tana da hakki a kanmu. Amma ba mu hana mai ciwon zuciya jinya don akwai mayunwata, mai wannan cuta ma haka. Abin da ya dace shi ne wanda Allah ya ba halin yin aikin ya tuna cewa bashi ne a kansa. Kwanon da ya ragu a gabansa, akwai mai jiransa a bakin ƙofa.

Shirin jiki da na gida

Shiri na fari shi ne gaskiya. Faɗa wa likita duk abin da kake sha, har da jiƙe-jiƙe da sassaƙe na gargajiya, da taba, da giya ko burukutu, da baƙin cikin da ke hana ka barci. Ɓoye ɗaya daga cikinsu don kada a ɗage ranar aiki ƙarya ce, kuma ƙarya ce da ke iya kashe mai yinta. Littafin Sirak, sura 38, ya umarce mu mu girmama likita domin Ubangiji ne ya ba shi aikinsa. Girmama shi ya haɗa da bin umarninsa. Za a ce ka bar taba aƙalla makonni 6 kafin aiki, gama tana hana ɗinki warkewa. Za a sa ka a kan abinci kaɗan na wajen mako 2, domin hanta ta rage girma likita ya sami wurin aiki. A nan jaraba takan zo da siffar ban kwana: bari in ci na ƙarshe, in sha na ƙarshe. Wanda ya mai da makonnin jira bikin ci ya sa ransa cikin haɗari, ya kuma koya wa zuciyarsa cewa rayuwar da ke gaba kurkuku ce. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Bayan aiki za a fara da ruwa-ruwa, a koma abin da aka dama, sannan mai laushi, kafin a kai ga abinci sosai bayan makonni 6 zuwa 8. Malmalar tuwo ta wuce ke nan. Kifi da ƙwai da wake da nono su ne a gaba, ruwa kuma ba a haɗa shi da ci. Bitamin B12 da sinadarin ƙarfe da kalsiyam za su zama abokan zama, gama rashinsu yana kawo ƙarancin jini da lalacewar jijiya da raunin ƙashi. Magungunan ciwon jiki da muke saye a kemis ba tare da takarda ba, irin su ibuprofen da diclofenac, suna iya huda sabon tumbin. Giya tana shiga jini da sauri fiye da dā, kuma an ga waɗanda suka bar zarin ci suka faɗa zarin sha. Gashi yakan zube na ɗan lokaci, fata takan saki, wani nauyin ma yakan dawo bayan shekaru. Gara a san waɗannan tun yau.

A gidajenmu ba a cin abinci a kaɗaice. Kwano ɗaya muke sa hannu, kuma wanda ya ƙi cin abincin mutum kamar ya ƙi mutumin ne. Don haka dole a shirya gida duka. A zauna da mai dafa abinci, a gaya wa Mama da surukai tun da wuri cewa cokali uku da za a ci ba raini ba ne. Ga ma'aurata akwai magana ta musamman. Likitoci suna ba da shawarar a jinkirta ɗaukar ciki watanni 12 zuwa 18 bayan aiki, domin jikin da ke saurin ramewa ba ya ciyar da ɗan tayi yadda ya kamata, kuma haihuwa takan buɗe wa matar da ta daɗe tana nema. Wasiƙar Paparoma Bulus na 6 ta 1968 a kan rayuwar ɗan Adam ta yarda ma'aurata su ba da tazara saboda dalili mai ƙarfi, ta hanyar lura da lokutan jikin mace da kamewa. Tun da al'ada takan rikice a watannin farko, sai miji da mata su nemi Fada da likita da masu koyar da wannan hanya kafin ranar aiki, mijin kuma ya san cewa rabin nauyin a wuyansa yake.

Shirin rai

Duk wanda za a sa wa maganin barci ya miƙa ransa a hannun wasu na 'yan sa'o'i. Tsoro a nan ba rashin bangaskiya ba ne. Ubangijinmu kansa ya yi baƙin ciki a Getsamani. Abin yi shi ne a kai tsoron inda ya dace. Je ka furta zunubanka. Nemi gafarar wanda ka ɓata wa, ka yafe wa waɗanda suka yi shekaru suna yi maka ba'a a kan jikinka. Faɗa wa iyalinka bashin da ake binka da wanda kake bi, ka rubuta wasiyya, gama rubuta ta ba ya kiran mutuwa. Sa'an nan ka roƙi Shafewar Marasa Lafiya. Mutane da yawa suna tsammani wannan sakramenti na masu baƙin mutuwa ne kaɗai, har sukan firgita in sun ga Fada da mai. Katekisim, a sakin layi na 1515, ya nuna cewa ya dace a karɓe shi kafin babbar tiyata.

Kada lamiri ya dame ka a kan azumi. Dokar azumin Larabar Toka da Jumma'a Mai Kyau ba ta ɗaure marar lafiya, wanda kuwa aka ce ya ci kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini, biyayyarsa ga likita ita ce horonsa. Sai ya ƙara da addu'a da sadaka. Azumin sa'a ɗaya kafin Tarayya Mai Tsarki ma, ruwa da magani ba sa karya shi, kuma Dokokin Ikilisiya na 1983 sun ɗauke shi daga kan marasa lafiya. A makonnin da haɗiya ke da wuya, gaya wa Fada ya ba ka ɗan ƙaramin gutsure. Almasihu yana nan cikakke a cikin mafi ƙanƙantar ɓarɓashi. Mai koyon ƙoshi da kaɗan zai sami abin tunani mai zurfi a nan.

Abin da ke kanmu duka

Sauran jama'ar Ikilisiya, namu aikin a bayyane yake. Mu daina wasa da jikin mutane, ko a taron Zumuntar Mata, ko a wurin mawaƙa, ko a bakin ƙofar majami'a. Maganar da mai faɗa ya manta kafin ya kai gida, mai ji yakan kwana da ita shekara goma. In ɗan'uwa ya dawo ya rame, kada mu bi shi da zato da raɗa, muna lissafa masa cututtukan da ba shi da su. In bai faɗi abin da aka yi masa ba, sirrinsa ne. A bikin godiyar kaka da na aure da na baftisma, kada mu matsa wa kowa da ci. Mu ziyarce shi a asibiti, mu kai masa Tarayya Mai Tsarki a gida, mu raka shi tafiyar ƙafa da yamma. In kuma nauyin ya dawo masa bayan shekaru, ranar ce ya fi bukatarmu.

Jikin nan da muke kuka da shi, mai nauyi ko marar nauyi, mai tabo ko marar tabo, shi ne za a tashe shi a rana ta ƙarshe. Ubangiji da ya tashi daga matattu bai ɓoye wa Toma tabon hannuwansa ba. Saboda haka wanda ya auna, ya yi shawara, ya yi addu'a, sa'an nan ya sa ranar aiki, ya shiga da kwanciyar rai. Wanda ya auna ya ce a'a, shi ma ya zauna da salama.

Allah ya ba likitocinmu hikima da tsayayyen hannu, ya ba masu jira haƙuri, ya ba iyalansu juriya. Uwargida Maryamu, lafiyar marasa lafiya, da Waliyyi Luka likita, su yi roƙo dominmu. Amin.